Kafaɗa Huɗu

Kandarsu, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanin mijina Umed Singh, a Delhi.

Ina sa maka albarka, kai da Anandi da yaranku biyu. Mu dai muna nan da sauran numfashi. Saniya ta haifi ɗan maraƙi, ƙanƙara ta sauka ta narke, birai sun tone dankalin da na shuka a gonar ƙasa. Baba yana tari, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin marigayi yayanka Jaman ba ya shigarsa. Bakinsa kuwa lafiya lau, don ba ya shan shayin safe sai ya zage ni tukuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an zo an ƙirga mu. Malamin makarantar kwari gwamnati ta aiko. Ya hawo dutsen nan yana haki, ya zube a dakalinmu, ya ce Baba ya faɗi masu kwana a gidan. Baba ya gyara zama ya fara: shi, da kai, da matarka, da 'ya'yanka maza biyu, da Diwan ɗana. Ni ya tsallake ni, ga ni tsaye a kansa da butar shayi.

Malam ya ce, "Tsoho, masu kwana a nan nake tambaya. Na Delhi a Delhi za a ƙirga su."

Baba ya ce, "To 'yan ina ne? Ai a nan aka binne cibiyarsu."

Malam ya ce, "Ni dai ba cibiya aka aiko ni ƙirgawa ba."

Da ya gama zagaya gari ya dawo shan ruwa, na tambaye shi mu nawa ne. Ya ce ashirin da bakwai, har da gidan Mangtu makaɗi da ke can ƙasan gari. Mata goma sha biyar, yawancinmu haƙora sun fara sallama, maza tara, yara uku. Umed, ranar da aka kawo ni garin nan gida sittin ke hayaƙi, 'yan kallo suka cika hanya har wasu suka hau katanga. Yau gida tara ke hura wuta. Sauran duk kwaɗo ne a ƙofa, ciyawa ta tsiro a madafa.

Baba bai damu da ashirin da bakwai ba, shi lissafinsa huɗu ne. Kullum rana ta fito sai ya zauna yana lanƙwasa yatsu: Diwan, da Bopal tsohon soja, da 'yan'uwan nan biyu na gidan sama, Keshar da Madan. Su ne mazan jininmu da suka rage waɗanda za su iya ɗaukar makara su gangara da ita mahaɗar koguna inda ake ƙona gawar manya, tafiyar rabin yini. Kai ne na biyar, mai sa wuta. Ya sa an saro masa gora biyu an jingine a rumfar saniya, ya hana kowa taɓawa. Ba shi da sauran buri a duniya sai a sauke shi kogi a kan kafaɗa huɗu, yadda aka sauke ubansa.

Kafin malamin ya tafi ya juyo gare ni, ya ce 'ya'ya nawa na taɓa haifa. Baba ya riga ni, ya ce ɗaya. Na ce biyu. Ya ce, "Waccan ba ta cikin lissafi." Na ce wa malam ya rubuta biyu, ɗaya a raye, ɗaya a kurmin yara bayan maɓuɓɓuga, inda ake binne ƙanana. Kai ka sani, kana gona ranar. Shekararta tara, ta faɗo daga itace tana saro wa saniya ganye, bayanta ya karye, ba ta goyuwa, sai dai a ɗauke ta a kwance. Yayanka yana wurin aikin soja, ni ina da tsohon cikin Diwan. Na roƙi maza huɗu su sauka da ita bakin titi, Baba ya ce ba a ɗauke kafaɗa huɗu daga girbi saboda 'ya mace. Maza arba'in ne a gonakin garin nan a lokacin. Har ta cika tana kallon ƙofa tana tambayata, "Ma, sun zo?"

Malam ya rubuta biyu. Baba ya yi fushi ya ƙi cin abincin rana, na ci nawa na ci nasa.

Ka zo ka gan shi kafin damina. Ba don ni ba, na san fuskar tsohuwar Bauji, yadda kake kiran matar yayanka, ba ta isa ta hau da ɗan birni dutse ba.

Matar yayanka,
Rukma


Delhi, watan Maris

Bauji,

Ina taɓa ƙafafun Baba, ina taɓa naki. Muna lafiya, ƙaramin yaron ne ya yi ciwon ciki, ya warke. Takardarki ta zo, na karanta wa Anandi, ta yi dariyar malamin cibiya har ta ƙware. Bakinki yana nan yadda na bar shi, Bauji. Da ana sayar da shi da kin fi mai otal ɗinmu arziki.

Kina ta kukan gari ya watse, kamar wani ne ya kore mu. Wa zai ci dutse? A layinmu kaɗai a nan, 'yan Kandarsu sun fi na Kandarsu yawa. Mun kafa ƙungiya, ni ne magatakarda, duk wata muna haɗuwa mu yi waƙoƙin gida har wasu su yi hawaye. Garin bai mutu ba, wuri ya canza.

Baba kuma ba inda za shi. Bara waccan kika rubuto wai yana mutuwa, na bar aiki na taho a guje, na tarar da shi yana gasa masara yana faɗa da kaji. Irinsu su ke binne likita.

Ga ainihin magana. An samu gurbi a madafar otal ɗinmu, na yi wa Diwan magana, mai gida ya yarda. Ki turo shi kafin ƙarshen wata. Shekararsa goma sha takwas, ba abin da ya iya sai jifan birai. So kike ki ɗaure saurayi a kan dutse yana jiran tsoho ya mutu don ya ba da kafaɗa? In lokacin ya zo ai mota ce, ni da shi za mu taho tare, kin ga kafaɗa biyu ke nan maimakon ɗaya.

Maganar yarinyar nan kuma, Bimli take ko wa? Ki bar ta ta huta. Rabonta ke nan. Ko da an kai ta asibiti gurguwa za ta tashi, wa zai aure ta? Baba ya yi abin da kowane mai gida zai yi, kuma bai kamata ki tsinka shi a gaban baƙo ba. Shekaru sun ja, ki rage riƙo, yana sa mace tsufa da wuri.

Ƙaninki,
Umed


Kandarsu, watan Mayu

Umed,

Albarka gare ku duka. Baba yana nan, kumburin ya hau gwiwa. Ni ma ina nan, tun da ba ka tambaya ba. Sunanta Kamli. Kai ne ka ɗaura mata lilo a itacen tsakar gida, igiyar ta ci reshen, har yau wurin yana nan.

Diwan ya iso hannunka, ba sai na gaya maka ba. Shi ya sauka ɗauko takardarka, ya buɗe ta a hanya, kafin ya iso gida na ga yaron ya riga ya tafi, gangar jikinsa kawai ta shigo. Na ce ba inda za shi. Na ɗauka Baba zai goyi bayana, tun da yatsansa ɗaya za a cire. Ya kalli hannunsa, can ya ce, "Ɗana ya yi magana. Daga yau maganar gidan nan tasa ce. Ke wace ce?"

Na ce, "Ni ce dai na haife shi."

Ya ce, "Kin haifa mana."

Na ɗaure masa gurasar tamba da gishirin barkono, na raka shi har maɓuɓɓuga. Bai waiwayo ba. Ban ga laifinsa ba, laifinka na gani, kuma na yi kuka har saniya ta daina cin ciyawa tana kallona.

To ga wanda ba ka ji ba. Labari ya zo cewa titin da aka yi shekaru ana yi mana alkawari ba zai hawo ba, wai ba a fasa dutse saboda mutum ashirin da 'yan kai. A makon kuma damisa ta ɗauke akuya a ƙofar Madan da rana tsaka, yaransa suna wasa a wurin. Shi da Keshar suka kwashe matansu da yaran nan uku, sai birnin Dehradun. Har gunkin gidansu suka sa a kwando suka lulluɓe da jan ƙyalle, ka san mai ɗaukar wannan ba dawowa zai yi ba. Yanzu babu yaro ko ɗaya a Kandarsu. Da safe ba ka jin komai sai tarin tsofaffi.

Baba ya dogara sanda ya fita ya tare musu hanya, shi da ba ya iya zuwa bayan gida sai na riƙe shi. Ya ce, "Ku ɗan jira ni, ba zan daɗe ba."

Keshar ya sauke akwati ya taɓa ƙafarsa ya ce, "Kawu, in ka tsai da rana ka aiko, sai mu dawo."

Matansu suka yi dariya a cikin gyale. Ni na kamo shi na dawo da shi. Mu goma sha tara ne yanzu, kafaɗa kuwa saura ɗaya, ta Bopal, shi ma gwiwarsa tana ƙara in zai tashi.

Na zauna na yi nawa lissafin. Mangtu yana da ƙarfinsa, 'ya'yansa biyu ƙarti ne, su kaɗai ne samarin da ba su tafi ba. Uku ke nan, da Bopal huɗu. Ba ni na fara ba, Mangtu ne ya tsaya a bakin tsakar gida, iyakar inda ake barin makaɗa su tsaya, ya ce, "Uwar gida, gangarmu ce ta raka ubansa har kogi. In ya yarda, kafaɗarmu ma za ta iya." Na kai wa Baba maganar. Ya wurgo mini kofin shayi, ya ce gara karnuka su ja shi a ƙasa da makaɗi ya taɓa makararsa.

Shi ya sa nake rubuto maka, tun da an ce maganar gidan taka ce. Ɗayan biyu: ko ka dawo da Diwan ka kuma nemo wasu, ko ka rubuta da hannunka cewa ka yarda Mangtu da 'ya'yansa su ɗauka. In ka rubuta, Bopal zai bi, Baba ma zai sauko. Na yi masa wanki da girki shekara talatin ba don yana da daɗin zama ba, ba na so in ƙare da gawa a ɗaki ina kallonta tana kallona.

Matar yayanka,
Rukma


Delhi, watan Yuni

Bauji,

Ina taɓa ƙafafun Baba, ina taɓa naki. Muna lafiya sai zafi, ku da ke kan dutse ba ku san daɗin da kuke ji ba. Diwan ya yi ƙiba, ya sayi agogo, ya koyi yanka albasa ba hawaye. Ya ce in gaishe ki, aiki ne ya hana shi rubutawa.

Na karanta takardarki har sau biyu, na kuma gane inda kika dosa. Ɗanki kike so ya dawo gindinki, shi ya sa kika ɗauko makaɗi kina tsorata mu da shi. Dabarar ta yi kyau, amma ni ma a gidan nan na girma.

Kin san abin da kika roƙa kuwa? Mutanen da ba sa hawa dakalinmu, waɗanda ake zuba wa ruwa daga sama a tafin hannu, su ne za su ɗauki ubana Hukum Singh? Labari ba ya kwana a dutse, kafin a kai kogi ya iso layinmu. Da wane ido zan zauna a gaban ƙungiya? 'Ya'yana biyu za su nemi aure wata rana, za a ce su ne jikokin wanda makaɗa suka ɗauka.

Ga maganata, ki karanta wa Baba, ki karanta wa Bopal. Ba makaɗi, ba ɗan ƙwadago baƙo, ba mace. Mazan jininmu ne kaɗai za su taɓa makarar Baba. Duk wanda ya sa hannu aka karya wannan, zan kai sunansa gaban dangi a nan da Dehradun, ba mai ƙara shan ruwan gidansa, ba mai auren 'yarsa. Ban faɗa don wasa ba.

Ke mace ce, Bauji. Naki ki ba shi abinci, ki wanke shi, ki shafa masa mai a ƙafa. Sauran na maza ne, ki bar mana. In abin ya zo da gaske za ki gan mu.

Ƙaninki,
Umed


Kandarsu, watan Yuli

Umed,

Albarka gare ku. Ruwa ya sauka, ba ya ɗaukewa. Baba ya kwanta, kumburin ya kai ciki.

Na karanta musu takardarka yadda ka ce. Bopal ya ji, ya sunkuyar da kai ya tafi. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ɗansa namiji ne, ya karɓe ta ya tura ƙarƙashin matashi. Ranar har ya ci gurasa biyu ya kira ni mai baƙar ƙafa. Tun daga nan bai ƙara cin abin kirki ba, sai ruwan shinkafa a cokali.

Abin ya zo da gaske. Ku taho yanzu, kai da Diwan, ka haɗo da mutum ɗaya daga cikin masu waƙar gida suna hawaye. Ƙasa ta fara zaftarewa a kan titi, mai kawo wasiƙu ya ce bai san ko zai sake hawowa ba kafin ruwa ya janye. Ba zan ƙara roƙonka a kan wannan ba.

Rukma


Delhi, watan Agusta

Bauji,

Ina taɓa ƙafafun Baba, ina taɓa naki. Duk muna lafiya.

Hankalina ya kwanta da na ga takardarki. Mutumin da ya ci gurasa biyu ya kuma samu ƙarfin zagi ba mutuwa zai yi ba. Da kin ce ya fara yi miki magana mai daɗi, da na shiga mota a ranar.

Yanzu otal cike yake, ba mai ba mu hutu, balle mu biyu daga gida ɗaya. Za mu zo bikin fitilu in ruwa ya janye, har da Anandi da yara, Baba ya ga jikokinsa. Na aiko masa maganin tari na kwalba da bargo mai kauri. Ki daina ƙirga mutane kamar awaki, yana sa ki tunanin mutuwa.

Ƙaninki,
Umed


Kandarsu, watan Satumba

Umed,

Albarka gare ka, da Anandi, da yara, da ɗana in yana tuna yana da uwa. Ni lafiya, saniya lafiya. Baba ya mutu.

Takardarka da kwalba da bargo jiya suka iso, da aka buɗe titi. Shi kuwa ciyawa har ta fara fitowa a kansa. Eh, a kansa na ce. Ka zauna ka karanta, kada ka karanta wa Anandi don ba wurin dariya.

Bayan takardata ta ƙarshe dutse ya zubo ya rufe titi, ba mota, ba wasiƙa, ba mai hawowa daga kwari. Baba ya sa na juya masa gado ya fuskanci ƙofa. Iska ta kaɗa ƙyaure, sai ya ce, "Sun zo?" Akuya ta yi kuka a gidan Bopal, sai ya ce, "Sun zo?" Ɗakin nan ne dai, ƙofar nan ce, ka san wadda ta taɓa yi mini wannan tambayar. Ina ba shi amsar da na ba ta, ina cewa suna hanya.

Ranar da zai tafi ya farka da hankalinsa garau. Ya kira ni 'yata. Shekara talatin ina gidan nan sunana "ke", ranar na zama 'yata. Ka ce da ya yi mini magana mai daɗi da ka shiga mota, to ya yi.

Ya ce, "'Yata, ba za su zo ba. Kira mini Mangtu, ki kira Bopal. Na yarda. In ba su isa ba ku mata ku kama. A kai ni kogi kawai, kada a bar ni a nan."

Na sa hannu ƙarƙashin matashinsa na zaro takardarka. Na karanta masa ita a hankali, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ba makaɗi, ba baƙo, ba mace.

Ya ce, "Ni na haife shi."

Na ce, "Kai ka ce maganar gidan nan tasa ce. Ɗanka ya yi magana, ni wace ce?"

Ya kama hannuna, hannunsa ba nauyi. Ya yi kuka irin na yara, da majina. Can ya ce, "Saboda yarinyar nan ne."

Na ce, "Wace yarinya? Ai ɗaya na haifa."

Na share masa fuska, na ba shi ruwa, na gyara masa bargo. Ban taɓa barinsa da yunwa ko ƙazanta ba, har ranar. In kana so ka san ko na ji tausayinsa, na ji. Na kuma ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji ba tun da na shigo gidanku, kuma ban je kiran kowa ba. Rana ta take ya cika, idonsa a kan ƙofa.

Da na yi kururuwa gari ya taru, in za a kira tsofaffi goma sha wani abu gari. Mangtu da 'ya'yansa suka zo sun yi wanka sun sa fararen kaya, suka tsaya a bakin tsakar gida. Na gaya wa Bopal gaskiya, na ce tsoho ya yarda kafin ya cika. Ya ce, "Wa ya ji?" Na ce ni. Na miƙa masa takardarka. Ka san jikarsa za a aurar a Dehradun da sanyi. Ya karanta, ya zauna a dakali ya riƙe kai, ya ce maganar mace ba za ta tsaya a gaban dangi ba, ga rubutun magaji a hannu.

Ya ce, "Rukma, me ya hana ki kira ni in ji da kunnena?"

Na ce, "Kana gona kana cirar ciyawa. A gidan nan ba a ɗauke namiji daga gona."

Ya miƙo mini takardar. Ya tashi ya shige gidansa ya rufe ƙofa.

Gawa ba ta jira da damina, ka sani. Ba a ƙona mutum a cikin gari, wannan ma ka sani. Kogi kuwa ba a zuwa sai a kan makara, makara kuma ka hana duk wanda ya rage a Kandarsu taɓawa. Wuri ɗaya ne ya saura inda ba a buƙatar kafaɗa ko wuta ko ɗa, wato kurmin yara.

Na naɗe shi a bargo, na mirgina shi kan tsohon buhun da nake jan taki da shi zuwa gona, na ɗaura igiyar saniya. Ni da matar Bopal da tsohuwar nan kurma ta gidan tsakiya muka ja. Mace ba ta taɓa makara ba, don ba a yi makara ba. Hanyar duk laka ce da duwatsu, kansa yana buguwa, muna tsayawa muna haki. Ya taɓa cewa gara karnuka su ja shi a ƙasa. Karnukan ma sun bi masu su birni, mu muka samu.

Mangtu ya biyo mu daga nesa da gangarsa a rataye. Ya ce, "Uwar gida, in kaɗa masa ko kaɗan? Babban mutum ne." Na ce ba a kiɗa a kurmin yara. Ya tsaya a cikin ruwa yana rungume da gangar, hawaye yana zuba. Shi kaɗai ne namijin da ya yi wa ubanka kuka a fili.

Da fartanya muka haƙa. Ƙasar ta yi laushi, ba mu sha wuya ba.

Yanzu mu goma sha takwas ne. Ka faɗa wa ƙungiya abin da ka ga dama, kai ne magatakarda. In ka ce an binne Hukum Singh kamar jariri, za su tambaye ka ina kake. In ka yi shiru, Keshar zai ji daga bakin matar Bopal. Ba sai kun zo bikin fitilu ba, amma in kun zo ba wanda zai tare muku hanya, ba kowa a hanyar.

Ka gaya wa Diwan kada ya bar aikinsa saboda ni. Gorar nan biyu suna nan a rumfar saniya, sun bushe sarai, na ajiye wa kaina. Na yi magana da Mangtu, ya ce shi da 'ya'yansa sun ishe ni ko babu na huɗu, ba ni da nauyi. Ni ba ni da magajin da zan nemi izininsa.

In ka zo neman wurin, ka wuce maɓuɓɓuga ka bi hagu. Za ka ga tudu biyu manne da juna, babba da ƙarami. Shekara goma sha takwas tana jiran namiji daga gidan nan. Da muka gama rufe shi, sauran matan suka tafi, na durƙusa a kan ƙaramin na ce mata, "Kamli, ɗaya ya zo."

Rukma,
uwar Kamli da Diwan